Masu haska fim: Aikinsu, haɗarinsa da ƙungiyar da za ta tsaya musu, daga Kano zuwa Konduga

A duk fim ko shirin talabijin da aka ɗauka cikin ɗaki ko da daddare, akwai ma'aikacin da ke riga jarumai isa wurin aiki, kuma yana cikin na ƙarshe da za su bar shi. Shi ke sauke fitilu daga mota, ya ja wayoyi, ya tada janareta, ya hau tsani ko katanga ya ɗaura fitila, sannan ya koma gefe yana jiran umarnin mai ɗaukar hoto. 'Yan fim na kiransa mai haske, wasu kuma su ce laitman. In an tashi aiki, sai ya jira fitilun sun huce kafin ya naɗe wayoyi ya mayar da komai mota, a lokacin da sauran jama'a suka daɗe da watsewa.

Mai kallo bai san sunansa ba, amma yana ganin aikinsa a kowace fitowa: fuskar jaruma da ta fito tas ba tare da ƙyalli ba, ɗakin attajiri da ya yi kwarjini, daren da aka nuna duhunsa amma ana gane masu magana. Duk da haka, a masana'antar finafinan Hausa da ta haura shekara 30, kusan komai na mai haske ya dogara ne a kan maganar baki. Ladansa maganar baki ne, tsawon sa'o'in aikinsa maganar baki ne, haka kuma wanda zai ɗauki nauyin jinyarsa in wuta ta ja shi ko ya faɗo daga sama. Wannan ya sa batun ƙungiyar ƙwadago ga ma'aikatan bayan kyamara ya cancanci a duba shi da idon basira, tun daga Kano inda cibiyar sana'ar take, har zuwa Borno inda samun wutar da za a kunna fitilar ma jidali ne.

Wane ne wane a sashen haske

A manyan masana'antun fim na duniya, sashen haske yana da tsari irin na tsani, kowa da matakinsa. A sama akwai daraktan ɗaukar hoto, wanda shi da mai ba da umarni suke yanke shawarar yadda hoto zai kasance: mai haske ne ko mai duhu, mai ɗumi ne ko mai sanyi, daga ina hasken zai fito. Daga shi sai shugaban masu haske, wanda Turawa ke kira gafa. Kalmar tsohuwa ce a Ingila, ana kiran shugaban leburori da ita. Aikin gafa shi ne ya mayar da burin daraktan hoto ya zama fitilu da wayoyi: wace fitila za a sa, a ina, da wane ƙarfi, kuma daga wane layi za ta sha wuta.

Gafa na da mataimaki, bes boi a bakin 'yan sana'a, wanda ke riƙe da lissafin kayan aiki, da jerin ma'aikata, da sa'o'in da kowa ya yi. Ƙarƙashinsu akwai masu jan waya da saita fitilu, da mai kula da janareta, da ayarin da ke riga kowa zuwa wuri domin shimfiɗa wayoyi kafin ranar ɗauka. A Amurka akwai wani sashe na daban, na girif, masu kafa ƙarafa da sanduna da labulen da ake tare haske ko tausasa shi. Ba sa taɓa wutar lantarki, su kuma masu wuta ba sa shiga aikinsu. A Ingila kuwa girif ya fi mayar da hankali a kan abin da ke ɗauke da kyamara, masu wuta ne ke sarrafa haske gaba ɗaya.

Wannan rabon aiki yana da dalili. Mutumin da hankalinsa ke kan nauyin wutar da ke bin waya bai kamata a raba masa hankali da ɗaukar kujeru ba. A yawancin lokeshin na finafinan Hausa kuwa, duk waɗannan matakai kan taru a wuyan mutum ɗaya ko biyu da yaransu. Mai haske shi ne gafa, shi ne mai janareta, shi ne mai gyaran soket ɗin gidan da aka ara, wani lokaci ma shi ne ɗan aike. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ƙarancin kuɗin shiri ya sa furodusa kan rage hannuwan daga sashen da mai kallo ba ya gani.

Sana'ar da ke tafiya da lissafi

Masu ganin aikin haske a matsayin dako kawai sun jahilci abin da ya ƙunsa. Darasin farko da ake koya wa ɗalibi shi ne haska mutum da fitila uku: babbar fitila da ke ba fuska siffa, ƙaramar da ke rage kaifin inuwa a ɗaya gefen, da ta baya wadda ke raba mutum da bango. Darasi na biyu shi ne nisa: in aka ninka tazarar da ke tsakanin fitila da fuska sau biyu, hasken da ke isa fuskar yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Taku ɗaya da jarumi zai yi zuwa gaba ko baya na iya sauya hoton, don haka mai haske ke sa alama a ƙasa.

Sai launin haske. Fitilar tangistin mai zare tana ba da haske mai ɗan ja, wanda ake aunawa da kelbin 3,200, hasken rana kuwa yana kusa da kelbin 5,600 kuma ya fi karkata zuwa shuɗi. In aka haɗa su a ɗaki ɗaya ba tare da gyara ba, rabin fuska zai yi ja, rabi ya yi shuɗi. Akwai kuma batun baƙar fata, wadda ke mayar da haske kamar madubi, musamman in akwai gumi. Ƙwararru kan kauce wa watsa mata fitila kai tsaye. Sukan bugo hasken a jikin farin bango, ko farin ƙyalle, ko faifan soso, ya dawo da taushi. Ƙalubalen na ƙaruwa in jarumi baƙi ya sa farar shadda a tsakar rana, domin kyamara za ta zaɓi ɗaya: ko fuskar ta fito shaddar ta ƙone, ko shaddar ta fito fuskar ta nutse. Mai haske ne ke sasanta su.

Lissafin wuta shi ne mafi muhimmanci, domin a nan rai yake. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Tsofaffin fitilun da aka daɗe ana aiki da su, masu jan kai, kowace na cin wat 800. Uku daga cikinsu sun kai wat 2,400, wato amfiya 10 da ɗoriya. Babbar yayarsu mai wat 2,000 na jan kusan amfiya 9 ita kaɗai. Fulogin gida mai ƙafa uku kuwa iyakarsa amfiya 13. Duk wanda ya jona irin waɗannan manyan fitilu biyu a soket ɗaya ya ɗora wa waya nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma ƙarshen abin zafi ne, da narkewar roba, da gobara. Ƙaramin janaretan gida da bai kai wat 1,000 ba, da ƙyar zai riƙe fitila ɗaya mai jan kai.

Zuwan fitilun LED ya sauƙaƙa abubuwa da yawa. Fitila mai cin wat 200 zuwa 300 kan ba da hasken da ya kai na tsohuwa mai wat 1,000, ba ta zafi sosai, wasu kuma na aiki da batir. Sai dai daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma in ta lalace a hannun mai haske, sau da yawa shi ake tuhuma, ko da ba a taɓa yin yarjejeniyar wanda zai ɗauki asara ba.

Yadda Kano ta gina masana'anta ta bar sashen haske a baya

Ana danganta farkon finafinan Hausa na bidiyo na kasuwa da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. A wancan zamani rana ce babbar fitila. Ana ɗaukar yawancin fitowa a tsakar gida ko a lambu, a cikin ɗaki kuma a wadatu da fitila ɗaya irin ta masu ɗaukar biki. Kasuwar kaset, daga baya ta faifan CD, ta fi damuwa da sunan jarumi da daɗin waƙa a kan kyan hoto. A irin wannan yanayi aka tashi da ɗaukar mai haske a matsayin yaron mai kyamara, kuma wannan kallo bai gushe ba har yau.

Abubuwa sun sauya bayan da satar fasaha da wayoyin hannu suka durƙusar da kasuwar faifai. Tashar Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, ta zo da finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Labarina da Izzar So da ire-irensu sun tara miliyoyin masu kallo a talabijin da YouTube. Mai kallon da ke ganin finafinan Indiya da na Turkiyya da na Koriya a waya ɗaya da na Hausa ya fara kwatanta hoto da hoto. A 2024 Najeriya ta miƙa fim ɗin Hausa, Mai Martaba, domin neman shiga gasar Oscar, kamar yadda ta miƙa The Milkmaid a 2020, fim ɗin da akasarinsa da Hausa aka yi shi kuma a Taraba aka ɗauka. Wannan mataki ba ya samuwa sai da ƙwarewar masu haske.

Buƙatar ƙwarewa ta ƙaru, amma yanayin aiki bai bi ta ba. Fim mai dogon zango na nufin makonni a lokeshin, da ɗaukar dare, da tashi da asuba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin tada janareta, kuma duk lokacin da kasafin shiri ya matse, ladan ƙananan ma'aikata ne ke fara jin jiki, domin ba su da sunan da za su yi ciniki da shi. Ta fuskar horo kuwa, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka kafa a 1979, tana koyar da ɗaukar hoto da haske, amma mafi yawan masu haske a Arewa a hannun ubangida suka koya, ba su da takardar da ke shaida matakin da suka kai.

Borno: haske a inda wuta ta yi wuya

Konduga gari ne da ke kudu maso gabas da Maiduguri a kan hanyar Bama, a gaɓar kogin Ngadda, kuma hedikwatar ƙaramar hukumar da ta ƙunshi madatsar ruwa ta Alau da garuruwa irin su Dalori da Auno da Jakana. Ba cibiyar shirya fim ba ce, amma tarihinta na baya-bayan nan ya nuna abin da allo ke nufi ga jama'a da kuma haɗarin da ke kewaye da shi. A daren 16 ga Yuni, 2019, 'yan ƙunar baƙin wake uku suka kai hari wani gidan kallon ƙwallo a Konduga, inda mutum 30 suka rasu. Mutanen da suka taru a wurin sun je neman abin da mai kallo a ko'ina ke nema ne, ɗan nishaɗi bayan wahalar yini.

Shekarun rikicin Boko Haram sun mayar da wannan yanki wurin da kyamarori ke yawan zuwa. 'Yan jarida na gida da na waje, masu shirya finafinan gaskiya, da ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar bidiyon ayyukansu duk sun bi hanyar Maiduguri zuwa Dalori da Konduga da Bama. Daughters of Chibok na Joel Kachi Benson, wanda aka ɗauka a kudancin jihar, ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Benis a 2019. Irin waɗannan ayari kan zo da mai kyamara da darakta, su nemi 'yan gari su riƙe musu faifan mayar da haske, su ja waya, su kula da batir, su yi tafinta tsakanin Kanuri da Hausa da Turanci. In aiki ya ƙare baƙi su tafi, ɗan gari ya rage da ladan kwanakin da ya yi, kuma shi ne zai ci gaba da zama a wurin in abin da aka ɗauka ya ɓata wa wani rai.

Matsalar wuta ta ƙara wa aikin nauyi. A Janairun 2021 mahara suka lalata turakun babban layin lantarki da ke kawo wuta Maiduguri daga Damaturu, aka gyara a Maris suka sake fasa shi cikin 'yan kwanaki, birnin ya kwashe mafi yawan shekarar a duhu. Tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka ƙaddamar a Maris ɗin 2023, an gina ta ne domin magance wannan. Sannan a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa masu yawa na Maiduguri da Jere, ya shiga gidaje da shaguna da ofisoshi. Ga mai sana'ar da jarinsa fitila ne da waya da batir, ruwa ɗaya ya isa ya mayar da shi farko, kuma babu asusun da zai koma gare shi.

Yanayin wurin ma na da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, fitilu da batura na ɗaukar zafi, ma'aikaci na tsaye a rana riƙe da faifai mai ƙyalli. Hazon hunturu na tausasa hasken rana, abin da masu ɗaukar hoto ke so, amma ƙurarsa na toshe fankar fitila da injin janareta. Duk da haka jihar ba ta rasa tushen da za a gina a kai ba: akwai gidan rediyo da talabijin na BRTV, da tashar NTA Maiduguri, da sashen koyar da aikin jarida a Jami'ar Maiduguri, da sashen koyar da lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da kuma matasa masu shirya gajerun finafinai da waƙoƙi da Hausa da Kanuri suna ɗorawa a intanet.

Haɗarin da ke tattare da aikin

Wutar da ke iya kashe mutum ba ta da yawa. Na'urar katse wuta da ake sanyawa domin kare rai an tsara ta ne ta yanke layi da zarar kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ya zube ta wata hanya, domin abin da ya ɗara haka kaɗan in ya bi ta ƙirji na iya hargitsa bugun zuciya. Wayar da aka ƙulla da leda, da ƙasa mai danshi, da ƙarfen fitila marar wayar ƙasa sun isa su haddasa hakan. Janareta kuma na fitar da iskar guba marar launi marar wari. In aka shigar da shi zaure ko lungu domin kada ƙararsa ta shiga makirufo, mai kula da shi ne zai fara shaƙa. Ga faɗowa daga tsani, ga ƙuna, ga gajiyar da ke sa direban ayari gyangyaɗi a kan hanya bayan aikin dare.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma ba su tsira ba. A 1997 wani mataimakin mai kyamara, Brent Hershman, ya rasu a haɗarin mota yana komawa gida bayan aikin sa'o'i 19 a fim ɗin Pleasantville, mutuwar da ta tayar da muhawarar tsawon lokacin aiki a Amurka. A Fabrairun 2020, ƙugiyar da ke ɗauke da manyan fitilu ta rikito a wurin ɗaukar fim ɗin Indian 2 a Chennai, ma'aikata uku suka mutu. A nan gida, a ranar 10 ga Afrilu, 2024, jirgin ruwa ya kife da ayarin 'yan fim a Jihar Anambra, jarumi Junior Pope da wasu ma'aikatan bayan kyamara suka rasu. Sunan jarumin ne ya cika kafafen labarai, na sauran kuwa kaɗan ne suka riƙe.

Ƙungiyoyin da ake da su da abin da doka ta ce

A Arewa, babbar inuwar 'yan fim ita ce MOPPAN, wadda ke da rassa a jihohi da rukunoni na daraktoci da furodusoshi da jarumai da masu ɗaukar hoto da marubuta da sauransu. Ta taka rawa wajen sasanta rikici, da ladabtar da mambobi, da tattaunawa da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Lokacin da aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon wata shida a 2007, ma'aikatan da ke cin abinci daga lokeshin zuwa lokeshin ne suka fi ɗanɗana kuɗa, kuma babu wani asusu da ya tare musu.

Sai dai ƙungiyar sana'a daban take da ƙungiyar ƙwadago. Ta farko na tara mai ba da aiki da mai karɓar lada a ƙarƙashin rufi ɗaya domin kare sana'ar daga waje. Ta biyu na tara ma'aikata ne domin su yi ciniki da masu ba su aiki a kan lada da sa'o'i da tsaro. In mai haske ya kai ƙarar furodusan da ya riƙe masa kuɗi gaban shugabannin da su ma furodusoshi ne, kuma gobe a wurinsu zai nemi aiki, da wuya ya buɗe baki ya faɗi duk abin da ke ransa.

Ƙungiyar ƙwadago mai rajista da ta shafi wannan fanni ita ce RATTAWU, ta ma'aikatan rediyo da talabijin da wasan kwaikwayo da fasaha, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fito daga garambawul ɗin da ya samar da ƙungiyoyin masana'antu 42 da uwar ƙungiya ta NLC a 1978. Ƙarfinta na gidajen gwamnati ne, inda ake cire kuɗin ƙungiya daga albashi. Mai haske a sutudiyon gidan talabijin na gwamnati yana da matakin albashi da fansho da wakilin da zai tsaya masa. Takwaransa mai zaman kansa, wanda wataƙila ya fi shi sa'o'in aiki, ba shi da ko ɗaya.

Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta tanadi cewa ma'aikata 50 na iya neman rajistar ƙungiya, amma ta ba da damar a ƙi rajistar in akwai wata ƙungiya da ta riga ta wakilci wannan rukuni. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa cikin wata uku da fara aiki, alhali yawancin ayyukan fim na ƙarewa kafin lokacin. Dokar albashi mafi ƙaranci, wanda ya koma Naira 70,000 a Yulin 2024, ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da masu aikin wucin gadi. Wadda ta fi kusa da mai haske ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, domin ta haɗa har da wanda aka ɗauka da baki, ko na ɗan lokaci, ko ɗan koyo, kuma ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun NSITF. Doka ce da ke nan a rubuce, amma ba ta aiki ga kamfanin da bai yi rajista da asusun ba. Ƙudirin kafa majalisar kula da sana'ar fim, MOPICON, wanda gwamnati ta kafa kwamitin sake dubawa a 2016, ya daɗe yana jan ƙafa.

Abin da wasu suka yi

A Amurka da Kanada, ƙungiyar IATSE, wadda ma'aikatan dandalin wasan kwaikwayo suka kafa a 1893, ita ke wakiltar mafi yawan ma'aikatan bayan kyamara. Masu haske na Hollywood na da reshensu na kansu mai lamba 728, girif kuma na da mai lamba 80. A Oktoban 2021, mambobi kusan 60,000 suka samu damar kaɗa ƙuri'a kan shiga yajin aiki. Kusan kashi 90 cikin 100 suka kaɗa, kuma fiye da kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa suka amince. Ba a kai ga yajin ba, domin kamfanoni sun sauko. Cikin abin da aka samu akwai hutun sa'o'i 10 tsakanin tashi daga aiki da dawowa, da hutun sa'o'i 54 a ƙarshen mako. A Ingila ƙungiyar Bectu na fitar da jadawalin lada na kowane mataki, wanda ma'aikaci mai zaman kansa ke riƙewa yayin ciniki. A Mumbai kuma akwai tarayyar FWICE da ta haɗa ƙungiyoyin sana'o'in fim daban-daban, har da na masu fitila da masu kafa dandali.

Kuɗin da ke yawo a waɗancan masana'antu ya yi wa na Kano nisa, kuma furodusan Hausa da ke jiran kuɗin talla daga YouTube ba zai iya biyan ladan Hollywood ba. Wannan hujja ce ta gaskiya da masu shirya fim ke da ita. Amma abin lura shi ne mafi yawan 'yan IATSE da Bectu su ma ba ma'aikatan dindindin ba ne. Daga wannan fim suke tsallakawa zuwa wancan, kamar mai haske na Titin Gidan Zu. Abin da ya bambanta su shi ne sharuɗɗan na bin sana'ar ne duk inda ta je, ba sai kowa ya sake roƙo a gaban kowane furodusa ba.

Inda za a iya farawa

Akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar doka. Na farko shi ne rajista: a san masu haske nawa ne a Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri, da matakin kowa, daga ɗan koyo zuwa gafa. Na biyu, takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda ta faɗi ladan yini, da ranar biya, da sa'ar tashi, da wanda zai biya in kaya sun lalace ko mutum ya ji rauni. Na uku, ƙa'idojin tsaro da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba: na'urar katse wuta a kan kowane layi, safar hannu, abin kashe gobara, janareta a fili nesa da mutane, da haramta tuƙin dare bayan doguwar ɗauka. Na huɗu, asusun taimakon kai da kai irin na adashe, wanda 'yan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu suka daɗe da sanin amfaninsa.

Tashoshin talabijin da kamfanonin da ke sayen finafinai masu dogon zango, da ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar 'yan gari aiki a Borno, suna da ikon sanya waɗannan a cikin sharuɗɗan kwangilarsu, domin su ke riƙe da kuɗin. Hukumomin tace finafinai da ke karɓar kuɗin rajista na iya neman shaidar inshorar ma'aikata kafin ba da izinin ɗauka. Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke jagoranta tun Janairun 2024, na iya haɗa kai da kwalejojin fasaha a shirya gajerun kwasa-kwasai na lantarki da haske masu takardar shaida, a Kano da Maiduguri. RATTAWU kuma na da damar buɗe reshe ga masu zaman kansu, in tana son ta wakilci sana'ar kamar yadda take a yau.

Tambayar da ta rage a hannun masu hasken take: ko su nemi rukuni mai cin gashin kansa a cikin MOPPAN, ko su shiga inuwar ƙungiyar ƙwadago mai rajista, ko su haɗa biyun. Kowace hanya na da tsadarta, kuma wanda ya fara magana na iya rasa aiki na ɗan lokaci. Sai dai tsintsiya ɗaya ba ta shara, kuma furodusan da zai iya sallamar mai haske ɗaya da safe ya samu wani da yamma, ba zai iya yin haka ba in duk masu hasken garin sun tsaya a kan lada ɗaya da sharaɗi ɗaya.